Ina RAM ɗin ya tafi? Yadda ake bin sawun memorin da fakitocin sadarwa suka riƙe a kanel ɗin Linux

Sabar tana aiki, jama'a suna ta shiga suna fita, sai ka duba ka ga RAM ya ragu da gigabayit ɗaya da wani abu. Ka buɗe `top`, ka tara abin da kowace manhaja ta riƙe, lissafi ya ƙi fita. Ka leƙa `/proc/meminfo`, ka haɗa AnonPages da Cached da Buffers da Slab, har yanzu akwai giɓi, kamar ƙasa ta haɗiye shi. In sabar nan mai yawan hulɗa da intanet ce, to akwai yiwuwar memorin yana hannun kanel, wato zuciyar tsarin Linux, yana riƙe da fakitocin da suka shigo ba a karanta ba, ko waɗanda za su fita amma ba su samu hanya ba. Mafi yawan wannan memori ba shi da layi nasa a `/proc/meminfo`, shi ya sa mutane ke ta zargin manhajar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Za mu bi shi daga sama zuwa ƙasa: jimillar na'ura tukuna, sannan soket ɗaya-ɗaya, wato ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta cikinta, sannan manhajar da ke da soket ɗin, sai kuma wuraren da soket bai kai ba. Kana buƙatar ikon root, da kunshin iproute2 wanda `ss` da `nstat` da `tc` suke ciki, da kuma `ethtool`.

Kafin a taɓa komai: kanel ba nauyin saƙo yake lissafawa ba

Duk wanda ya taɓa aika kaya a tashar mota ya san direba ba ruwansa da cewa sabulu ɗaya ne a cikin kwalin. Wurin da kwalin ya ci a but shi za ka biya. Haka kanel yake yi. Kowane fakiti a Linux yana tafe ne da wani tsari mai suna `sk_buff`, kuma a cikinsa akwai lamba mai suna `truesize`. Ita ce jimillar memorin da fakitin ya tsare: shi kansa `sk_buff` ɗin, da mazubin da direban katin sadarwa ya zuba bayanan a ciki, ko mazubin ya cika ko bai cika ba.

Direbobi da yawa suna ware bayit 2048, wato rabin shafi, ga kowane fakiti mai shigowa, wasu ma shafi guda cur na bayit 4096. Saboda haka saƙon bayit 100 yana iya tsare fiye da bayit 2000. Ninki ashirin kenan. Manhajar hira, ko na'urorin da ke aiko da ƙananan rahotanni kowace daƙiƙa, su ne ke fama da wannan. Mai sauke babban fayil kuwa asararsa kaɗan ce, don fakitocinsa a cike suke.

Ka riƙe wannan sosai, domin kusan duk lambar da za mu karanta a gaba da `truesize` aka auna ta, ba da tsawon saƙo ba.

Mataki na 1: jimillar na'ura

```
cat /proc/net/sockstat
```

Za ka ga abu mai kama da wannan, lambobin na misali ne:

```
sockets: used 9200
TCP: inuse 8100 orphan 40 tw 3000 alloc 8300 mem 300000
UDP: inuse 12 mem 60
FRAG: inuse 0 memory 0
```

Idonka ya tafi kan `mem`. Nan ne mutane da yawa ke zamewa: lambar ba bayit ba ce, shafuka ce. A yawancin na'urorin Intel da AMD shafi bayit 4096 ne, amma wasu na'urorin ARM suna da shafi mafi girma, don haka ka tabbatar da `getconf PAGESIZE`. A misalinmu, 300000 sau 4096 ya ba da kusan gigabayit 1.2. Ga giɓinmu nan ya fito fili. Layin FRAG shi kuma bayit yake ƙirgawa kai tsaye. Ba su yi mana adalcin daidaita ma'aunin ba.

Sauran kalmomin a gurguje. `inuse` soket ɗin da ke aiki. `tw` waɗanda suka rufe suna jiran daƙiƙa 60 na TIME-WAIT. Yawansu yana tsorata sabon shiga, amma kowannensu ɗan ƙaramin tsari ne da ba ya riƙe fakiti, ba su cika zama masu laifi ba. `orphan` kuwa marayu ne: manhaja ta rufe su ta yi gaba, kanel na ci gaba da ƙoƙarin isar da abin da ya rage. Su ana sa musu ido.

Yanzu ka gwada `mem` da iyakar da kanel ya sa wa kansa:

```
sysctl net.ipv4.tcp_mem
```

Lambobi uku ne, su ma shafuka. Kanel ne ke lissafa su lokacin da na'ura ta tashi, kusan kashi 4.7 da 6.25 da 9.4 cikin ɗari na RAM. A sabar mai gigabayit 16 za ka ga wani abu kusa da 190000, 255000, 380000. Yadda suke aiki yana da ɗan ban sha'awa. In `mem` ya haura ta tsakiya, TCP ya shiga halin matsi: ya daina faɗaɗa wa soket mazubi, ya fara tsuke hannu. Kuma ba zai saki ba don kawai an dawo ƙasa da ta tsakiya, sai an sauko ƙasa da ta farko. In an haura ta uku, sai ya fara ƙin ba da memori, in ban da ɗan abin da aka lamunce wa kowane soket. Misalinmu na 300000 yana tsakanin ta biyu da ta uku, wato sabar tana cikin matsi tsundum, duk da `free` zai iya nuna maka akwai sauran RAM. Abin da masu amfani za su gani shi ne shafi yana buɗewa a hankali, saukar fayil tana jan ƙafa.

In kana son tabbaci cikin kalma ɗaya, `cat /proc/net/protocols` yana da ginshiƙi mai suna `press`. A layin TCP zai ce `yes` ko `no`. Sannan ka duba `dmesg`. In ka tarar da `TCP: out of memory -- consider tuning tcp_mem` ko `TCP: too many orphaned sockets`, to an riga an kai bango. Saƙon farko yana ba ka shawarar ƙara iyaka. Kar ka yi saurin bin shawarar, ba mu san wanda ya ci memorin ba tukuna.

Mataki na 2: yau aka fara ko an daɗe?

`sockstat` hoton wannan daƙiƙar kawai yake ɗauka. Tarihi yana wurin `nstat`:

```
nstat -az | grep -E 'MemoryPressures|Prune|RcvCollapsed|AbortOnMemory|BacklogDrop|RcvbufErrors'
```

`TcpExtTCPMemoryPressures` shi ne sau nawa aka shiga matsi, `TcpExtTCPMemoryPressuresChrono` kuma tsawon lokacin da aka ɗauka a ciki, da ma'aunin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. `PruneCalled` na nufin wani soket ya cika har kanel ya shiga neman wuri. Matakinsa na farko shi ne matse kaya: ya kwashe bayanan ƙananan fakitoci ya zuba su a mazubi ɗaya, shi ne `TCPRcvCollapsed`, kuma aikin yana cin ƙarfin na'ura ba kaɗan ba. In hakan bai isa ba sai ya zubar da fakitocin da suka iso kafin lokacinsu, `OfoPruned`. In har yanzu bai isa ba, ya yar da sabon da ya shigo, `RcvPruned`. `TCPAbortOnMemory` kuwa haɗin da aka datse gaba ɗaya saboda rashin wuri.

Waɗannan lambobi tun tashin na'ura suke taruwa, don haka lamba babba a sabar da ta yi wata takwas ba a kashe ta ba ba hujja ce ba. Ka kira `nstat` kawai, ka jira minti ɗaya, ka sake kira. Karo na biyu zai nuna maka bambancin da aka samu tsakanin kiran biyu. Wanda ke motsi yanzu shi ne abin bi.

Mataki na 3: soket ɗaya-ɗaya, nan aikin yake

```
ss -tnmp
```

Kowane haɗi zai zo da layi na biyu irin wannan:

```
ESTAB 0 3145728 192.0.2.10:443 198.51.100.7:51512
  skmem:(r0,rb131072,t0,tb4194304,f1024,w3260416,o0,bl0,d0)
```

Duka bayit ne, sai `d` da ke ƙirga fakitoci. `r` memorin da kayan da suka shigo suka tsare, manhaja ba ta ɗauka ba tukuna, `rb` kuma iyakarsa. `w` kayan da manhaja ta miƙa a aika, waɗanda ko dai ba su fita ba, ko sun fita amma ɗaya ɓangaren bai ce ya karɓa ba, `tb` iyakarsa. `t` abin da ya riga ya sauka zuwa layin fita da katin sadarwa. `f` memorin da soket ya karɓa a gaba bai yi amfani da shi ba tukuna. `o` na ƙananan abubuwa ne irin su matatar fakiti. `bl` kayan da suka iso daidai lokacin da manhaja ke riƙe da soket ɗin, suna jira a bakin ƙofa. `d` fakitocin da aka yar.

Ga TCP, in ka tara `r` da `w` da `f` na dukkan soket, ya kamata ka zo kusa da `mem` na mataki na farko. Ba a sa `t` a ciki, don kusan duk bayanansa su ne dai waɗanda `w` ya riga ya ƙirga.

Dubi misalin nan da kyau. Ginshiƙin Send-Q ya ce 3145728, `w` ya ce 3260416. Na farko tsawon saƙo ne, na biyu kuɗin kwali. Bambancin ƙarami ne a nan saboda babban fayil ake aikawa. In ka ga Recv-Q na cewa 40000 amma `r` na cewa 900000, to ƙananan fakitoci ne suka cika maka gida. Abin lura kuma, `t0`: babu komai a hanyar fita, amma megabayit uku na zaune a layi. Wato mai karɓa ne ya tsaya, ko netwok ɗinsa ya ɗauke. Ka ƙara `-i` a umarnin, za ka ga `notsent` da `retrans` da `rtt`, su za su faɗa maka ko kayan ba a aika ba ne ko an aika ba a amsa ba.

Soket dubu takwas ba a karanta su da ido. Wannan zai tara maka `r` da `w` bisa sunan manhaja:

```
ss -HOtanmp | awk '{
  r=0; w=0; p="babu-mai-shi";
  if (match($0,/skmem:\(r[0-9]+/)) r=substr($0,RSTART+8,RLENGTH-8);
  if (match($0,/,w[0-9]+/))        w=substr($0,RSTART+2,RLENGTH-2);
  if (match($0,/users:\(\("[^"]+/)) p=substr($0,RSTART+9,RLENGTH-9);
  R[p]+=r; W[p]+=w
} END { for (p in R) printf "%.0f %.0f %s\n", R[p], W[p], p }' | sort -nr
```

Harafin `-O` shi ke sa kowane soket ya fito a layi ɗaya. In `ss` ɗinka tsoho ne bai san shi ba, sai ka sabunta iproute2. Abin da ya faɗa ƙarƙashin "babu-mai-shi" marayu ne da masu TIME-WAIT.

Sakamakon yawanci ɗaya ne daga cikin fuskoki kaɗan.

In `r` ne ya kumbura, laifin na gida ne. Kaya sun iso, manhaja ba ta ɗauka. Ko ta maƙale tana jiran rumbun bayanai, ko aiki ya fi ƙarfinta, ko ta manta da soket ɗin gaba ɗaya. Na ƙarshen nan ana gane shi da `ss -tnmp state close-wait`: ɗaya ɓangaren ya yi sallama ya tafi, manhajarka ba ta rufe nata ba. Soket mai CLOSE-WAIT ba ya mutuwa da kansa muddin manhajar na raye, zai zauna da kayansa har sai an rufe shi. Babu lambar kanel da za ka juya ta gyara wannan, sai an koma wa wanda ya rubuta manhajar.

In `w` ne ya kumbura, masu karɓa ne ke jan ƙafa. Wannan ya zama ruwan dare ga duk wanda yawancin masu amfani da shafinsa ta waya suke shigowa. Mutum ya fara sauke bidiyo da sabis mai ƙarfi, kanel ya ga hanya ta buɗe ya faɗaɗa masa mazubi har kusa da megabayit 4, sai motar da yake ciki ta fita gari sabis ya ɗauke. Kanel bai san ya tafi ba. Zai yi ta sake aikawa, kuma da `tcp_retries2` a kan 15 da yake zuwa da shi, ƙoƙarin yana kai kusan minti goma sha biyar kafin ya haƙura. Mutum ɗari uku kacal a wannan hali, kowanne da megabayit 4, sun cinye gigabayit 1.2.

Akwai kuma wata alama da nake so in gani da ido: `rb425984`. Ninki biyu ne na 212992, wanda shi ne `net.core.rmem_max` a na'urori masu yawa. Ma'anarsa manhaja ta nemi mazubi da kanta ta hanyar `SO_RCVBUF`, kanel ya yanke mata a iyaka, sannan ya ninka kamar yadda ya saba domin kuɗin kwali. Abin da marubuta manhaja da yawa ba su lura da shi ba shi ne, da zarar an saita `SO_RCVBUF` ko `SO_SNDBUF` da hannu, kanel ya daina daidaita girman da kansa ga wannan soket ɗin. Wanda ya yi haka don ya samu sauri sau da yawa ya ɗaure kansa ne a ƙasa da abin da kanel zai ba shi kyauta, tunda `tcp_rmem` yana barin mazubi ya kai megabayit 6 ko fiye.

Ga UDP, `ss -uanmp` ne. Babu sake aikawa a can: `r` ya taɓa `rb`, fakiti ya tafi, `d` ya ƙaru, `UdpRcvbufErrors` ya ƙaru. Iyakarsa ta jimilla `net.ipv4.udp_mem` ce.

Mataki na 4: in lissafin bai haɗu ba

Ka tara komai daga `ss` ya ba ka megabayit 200, amma `mem` na cewa gigabayit 1.2. Kafin ka ce kanel na yoyo, ka tuna da kwantena, wato keɓaɓɓen wurin da ake gudanar da manhaja a cikin na'ura ɗaya. `ss` yana ganin soket ɗin ɗakin sadarwar da yake ciki ne kawai, alhali `mem` da `tcp_mem` na dukkan na'ura ne. Kowace kwantenar Docker ko Kubernetes tana da nata ɗakin. Ka jera su da `lsns -t net`, sannan ka shiga kowanne da lambar wata manhaja da ke cikinsa:

```
nsenter -t 4321 -n ss -tnm
```

Hanya mafi sauri ita ce ta cgroup, tsarin da kanel ke raba manhajoji ƙungiya-ƙungiya da shi don auna abin da suke ci. A tsari na biyu na cgroup, tun kanel 4.5, ana ɗora wa kowace ƙungiya memorin soket ɗinta:

```
grep -r '^sock ' /sys/fs/cgroup --include=memory.stat | sort -k2 -nr | head
```

Lambar bayit ce, kuma ta uwa ta haɗa da ta 'ya'yanta, don haka ka gangara har ƙungiyar ƙarshe. Wannan memori yana cikin `memory.current`. Shi ya sa kwantena kan mutu da dukan OOM, wato kanel ya kashe ta don memorinta ya ƙare, alhali manhajar da ke ciki ba ta riƙe wani abin kirki ba: fakitocinta ne suka cika mata ma'auni. A tsohon tsari na cgroup fayil ɗin `memory.kmem.tcp.usage_in_bytes` ne, kuma ba ya fara ƙirga sai an sa masa iyaka. In `sock` sifili ne a ko'ina, duba `/proc/cmdline`, wataƙila an tashi na'urar da `cgroup.memory=nosocket`.

Ƙaramin saɓani kuma kar ya dame ka. Sababbin kanel suna barin kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa ta riƙe ɗan lissafinta, kusan megabayit ɗaya, kafin ta kai rahoto ga jimilla. A na'ura mai ƙwaƙwalwa 64, bambancin megabayit gommai ba komai ba ne.

Mataki na 5: memorin da babu soket ɗin da ya san da shi

Wani lokaci `mem` ƙarami ne, amma giɓin na nan. To fakiti yana da wasu masaukai kafin ya kai soket da bayan ya bar shi.

Na farko katin sadarwa. Direba yana shimfiɗa mazubai babu komai a ciki suna jiran fakitin da zai shigo, tun kafin kowa ya aiko. `ethtool -g eth0` zai nuna yawan gurabe a kowane layi, `ethtool -l eth0` kuma yawan layukan. Ka ninka. Gurbi 4096, layi 16, kowane gurbi shafi ɗaya: megabayit 256 kenan a kati ɗaya, ko da babu fakiti ko ɗaya da ke motsi. In an kunna manyan fakitoci na bayit 9000, sai abin ya ƙaru. Wannan memori ba ya hawa ba ya sauka, don haka in giɓinka tsayayye ne tun tashin na'ura, nan za ka fara dubawa.

Na biyu layin fita: `tc -s qdisc show dev eth0`, ka karanta `backlog`. `fq_codel`, wanda rabe-raben Linux da yawa ke amfani da shi, yana da iyakar megabayit 32 ga kowane layi. Ga fakitocin da na'urar ke haifarwa da kanta, wannan layi ba ya cika tsawo, saboda tun kanel 3.6 a 2012 Eric Dumazet ya shigar da tsarin da ke hana soket ɗaya tura kaya da yawa ƙasa lokaci guda. A na'urar da ke aikin rauta kuwa, fakitocin da ke wucewa ba su da soket, nan kaɗai za ka gan su.

Na uku slab, wato rumbun ƙananan tsare-tsaren kanel:

```
grep -E 'skbuff|TCP|UDP|sock_inode|nf_conntrack' /proc/slabinfo
```

ko `slabtop -s c` in ka fi son allo mai motsi. `skbuff_head_cache` yana nuna yawan `sk_buff` da ke raye, kawunansu kawai ba kayan ciki ba. In ka ga miliyoyi kuma kullum ƙaruwa suke ba sa raguwa, alhali `ss` bai nuna komai ba, to ana iya fara zargin direba ko wani sashen kanel da riƙe fakiti. `nf_conntrack` kuma teburin da Netfilter, sashen kanel mai tace fakitoci, ke rubuta kowane haɗi. Ka gwada `nf_conntrack_count` da `nf_conntrack_max`. In wani suna bai fito ba, kanel ne ya haɗe rumbunsa da wani mai girma ɗaya. Tashi da `slab_nomerge` yana raba su.

Gutsattsarin fakitoci kuma su ne layin FRAG da muka gani, iyakarsu `ipfrag_high_thresh`, megabayit 4 a yawancin na'urori. Ba su cika zama matsala ba sai in hari ake kawowa.

Mataki na 6: kama shi a hannu

In kana son ganin abin yana faruwa, kanel yana da wuraren leƙe. Wannan zai ɗauki duk fakitin da aka yar cikin daƙiƙa goma:

```
perf record -e skb:kfree_skb -a -- sleep 10
perf script
```

Tun kanel 5.17 kowane layi yana zuwa da dalili. Ga UDP, `SOCKET_RCVBUFF` na nufin mazubin soket ɗaya ne ya cika; `PROTO_MEM` na nufin iyakar jimilla ce ta hana. Bambancin nan shi ke raba maka tsakanin gyaran manhaja ɗaya da gyaran na'ura duka. Akwai kuma `sock:sock_exceed_buf_limit`, wanda ke tashi idan soket ya nemi memori ya tarar an wuce iyaka. Gargaɗi ɗaya: sunan manhajar da `perf` ko `bpftrace` zai nuna a gefen karɓa ba abin dogaro ba ne, don kanel yana sarrafa fakiti mai shigowa ne a kan duk wanda ya tarar yana gudana a lokacin.

In kuwa yoyo na gaske kake zargi, kanel 6.10 ya zo da `/proc/allocinfo`, wanda ke faɗin layin da ya nemi memori a cikin rubutun kanel da adadin da yake riƙe da shi yanzu:

```
sort -g /proc/allocinfo | tail | numfmt --to=iec
```

Sai an gina kanel da `CONFIG_MEM_ALLOC_PROFILING` ake samunsa. A tsofaffi akwai `page_owner=on` wurin tashi, ana karanta sakamakon a `/sys/kernel/debug/page_owner`. Yana da nauyi, ba a barinsa a kunne kullum.

Mataki na 7: gyara, bisa abin da ka gano

In masu karɓa ne ke jan ƙafa, abin da na fi so shi ne `net.ipv4.tcp_notsent_lowat`, wanda ya shigo a kanel 3.12. Yana taƙaita kayan da ba a aika ba tukuna da soket zai tara, ba tare da ya taɓa waɗanda ke kan hanya ba, saboda haka sauri ba ya raguwa:

```
sysctl -w net.ipv4.tcp_notsent_lowat=131072
```

Ka haɗa shi da wa'adi a manhajar kanta, ta sallami wanda ya daina karɓa bayan daƙiƙa talatin ko sittin. `TCP_USER_TIMEOUT` an yi shi ne don wannan. Haɗin da ya yi shiru kuma, binciken ko yana raye ba ya farawa sai bayan daƙiƙa 7200, awa biyu cur, kuma sai in manhaja ta kunna shi. Ana iya rage `tcp_keepalive_time`.

In marayu ne suka yi yawa, duba `tcp_max_orphans` da `tcp_orphan_retries`, amma ka fara tambayar me ya sa manhaja ke rufe soket da kaya a ciki.

In kana tunanin rage lamba ta uku ta `tcp_rmem` ko `tcp_wmem`, yi lissafi tukuna. Abin da haɗi ke buƙata a kan hanya shi ne sauri sau lokacin zuwa da dawowa. Megabit 100 a daƙiƙa megabayit 12.5 ne, in zuwa da dawowa kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne, kana buƙatar megabayit 2.5, ban da kuɗin kwali. Ka rage ƙasa da haka, ka rage wa na nesa sauri, shi kuwa na kusa ba zai ji komai ba, don haka gwajin da ka yi daga ofis ba zai nuna maka ɓarnar ba.

Ƙara `tcp_mem` yana da wurinsa: in ka bi matakan nan ka tarar babu soket mai laifi, haɗin ne kawai suka yi yawa kuma kowanne na riƙe da daidai buƙatarsa, sannan akwai RAM a ajiye. Sabar da aikinta kawai miƙa fakitoci daga nan zuwa can ta cancanci fiye da kashi tara cikin ɗari. Sai dai wannan memori ba a iya tura shi swap, wato ma'ajin wucin gadi a kan faifai, ba a kuma iya ƙwace shi kamar Cached. Duk shafin da ka ba TCP ka cire shi ne daga bakin manhajoji. Ka ƙara kaɗan-kaɗan, ka riƙe tazarar da ke tsakanin lambobin uku, ka tuna shafuka kake rubutawa ba bayit ba.

Duk abin da ka canza da `sysctl -w` yana ɓacewa in an sake tashin na'ura. Wanda ya yi aiki sai ka rubuta shi a fayil cikin `/etc/sysctl.d/`, ka ɗora da `sysctl --system`, ka sa gajeren bayani a samansa na ranar da dalilin. Sannan ka sa na'urar sa idonka ta riƙa ɗaukar `mem` daga `/proc/net/sockstat` kowane minti, tare da `TCPMemoryPressures` da `sock` na kowace kwantena, ta buga maka ƙararrawa da zarar `mem` ya wuce lamba ta farko ta `tcp_mem`, tun kafin ya kai ta tsakiya.